Wace Wuta Za Ta Riƙe Suwic Ɗin Ƙararrawarka Idan Dare Ya Tsala?

Cikin zafin Afrilu aka kira ni wani sito na shinkafa da ke kan hanyar Jega. An ɓalle ƙofar baya da dare, an yi awon gaba da buhuna, mai siton kuwa yana kwance a gidansa a unguwar Gesse ta Birnin Kebbi da waya a gefen matashi, ba ta ko motsa ba. Ina isa ya tare ni a bakin ƙofa.

"Malam, mi ya hana wagga na'ura ta kira ni? Kuɗi na zuba mata, ba kaɗan ba."

"Ranka shi daɗe, bari in buɗe akwatin tukuna."

Akwatin ƙararrawar lafiyarsa lau. Koriyar fitilarsa na ci, batirinsa da caji, har ya rubuta cewa an buɗe ƙofa da ƙarfe 2:40 na dare. Jiniya ta yi kukanta, amma wurin bayan gari ne, babu gida kusa. Saƙon da zai je wayar Alhaji shi ne ya rasa hanya. Da na leƙa ƙarƙashin tebur sai ga ƙaramin UPS, akwatin batirin nan da ke riƙe kaya idan an ɗauke wuta, ya sha ƙura, a mace. An ɗauke wuta wajen ƙarfe 10, shi kuma bai ga 11 ba. Yana mutuwa suwic ya bi shi, rauta mai haɗa siton da intanet ta bi, kyamarori shida suka rufe ido. Tun fiye da awa uku kafin ɓarayin su iso, siton ya riga ya zama bebe kuma makaho.

Suwic shi ne akwatin nan mai ramuka a jere wanda duk wayoyin sadarwa ke haɗuwa a cikinsa: ta kyamara, ta na'urar naɗar hoto, ta akwatin ƙararrawa, da wadda ke zuwa rauta. Irin wanda ake ce wa PoE har wuta yake ba kyamarori ta cikin wayar sadarwar. Akwatin ƙararrawa da batirinsa yake zuwa, galibi mai bolt 12 da 7Ah (Ah shi ne ma'aunin yawan cajin da batir ke ɗauka). Suwic da rauta kuwa hannu rabbana suke zuwa, kuma a kansu saƙon ke hawa. Idan masu haɗa kaya biyu ko uku sun ba ka farashi daban-daban, wannan ya ce UPS, wancan ya ce inbata, wani ya ce sola, ka rasa na ɗauka, kai nake yi wa wannan bayani.

Ma'aunin da nake auna su da shi

Tambayar farko ita ce awa nawa kake so kayan su rayu ba wutar layi. Mutane da kVA suke fara ciniki, alhali kVA nauyin da na'ura za ta iya ɗauka a lokaci guda kawai take gaya maka. Nisan da za ta yi da nauyin yana cikin batir. Ɗauki siton Alhaji: kyamara shida, kowace tana jan kusan wat 8 da dare idan jajayen fitilunta na gani a duhu suka kama, wat 48 ke nan. Suwic ɗin kansa wat 8, na'urar naɗar hoto mai faifai ɗaya wat 15, rauta wat 8, ɗan katin da ke haɗa ƙararrawa da intanet wat 3. Jimla ta ɗan haura wat 80. A awa 12 kana bukatar wat-awa 960, idan ka ƙara abin da inbata ke ci a hanya ya doshi 1,200 zuwa 1,300. Kada rubutun da ke jikin kwalin suwic ya tsorata ka. Ƙa'idar PoE ta 2003 ta ba kowane rami har wat 15.4, ta 2009 ta kai shi 30, ta 2018 ta kai 90, amma wannan iyakar abin da ramin zai iya bayarwa ce. Kyamara abin da take bukata kawai take ja.

Awa nawa suka isa? A Amurka ƙa'idar ƙararrawar gobara, NFPA 72, ta ce batir ya riƙe na'ura awa 24 tana zaman jira, bayan nan kuma ya iya buga jiniya minti 5. A Turai ƙa'idar EN 50131 ta sa awa 12 ga ƙararrawar ɓarayi mai mataki na biyu, irin ta gidaje da shaguna. Ƙasashen da ba a cika ɗauke wuta ba ke nan. Mu nan an kasa layukan wuta rukuni-rukuni: na A an yi masa alkawarin aƙalla awa 20 a rana, B 16, C 12, D 8, E kuwa awa 4. Wutar Birnin Kebbi a kan dogon layi mai kilobolt 330 take tasowa daga Kainji, kuma idan guguwar farkon damina ta kayar da hasumiya ɗaya a hanya, maganar kwanaki ake yi. Ni dai ba na yarda da ƙasa da awa 12 ga kowa, wurin da ke da dukiya mai nauyi kuma awa 24.

Na biyu shi ne gibin da ke tsakanin ɗaukewar wuta da karɓar batir. Da milisakan ake auna shi, wato kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Yawancin suwic na iya jure gibin milisakan 10 zuwa 20. Ya wuce haka sai ya mutu ya sake tashi, kuma tashin babban suwic na iya cin minti ɗaya ko fiye, kyamarori su ma su ɗauki nasu. A unguwar da wuta ke ƙiftawa sau goma a dare, wannan ya isa ya lalata faifan naɗar hoto.

Na uku zafi, kuma a nan ne lissafin da aka kwafo daga takardun Turawa ke rushewa. An auna rayuwar batirin dalma, wato irin na mota da na cikin UPS, a ma'aunin zafi 25 ne. Duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan haka yana raba rayuwarsa biyu. Daga Maris zuwa Mayu zafin Birnin Kebbi, Argungu da Gusau na haura 40 a inuwa, balle cikin sito mai rufin kwano da ƙofa a rufe. Batirin da aka rubuta masa shekara huɗu zai ba ka biyu a ɗaki mai zafin 35, ya ba ka ɗaya a mai 45. Na sha ciro batirin UPS ya kumbura har sai an sa sukundireba an banƙaro shi daga gidansa, mai shi yana rantsuwa bara ya saya. Gaskiya ya faɗa.

Na huɗu, wanda ba a cika tambaya ba: cikin awa nawa batirin ke cika? Idan awa 4 ko 8 ake kawo muku wuta, batirin da ke son awa 10 kafin ya ƙoshi kullum da yunwa zai kwana, gobe ya fi yau rama.

Sauran ukun a bayyane suke: wa zai riƙa kula da shi, wane haɗari ke tattare da shi, da kuma kuɗi. Farashin waɗannan kaya dala yake bi, na watan jiya ba na yau ba ne. Abin da ba ya canzawa shi ne hanyar kwatantawa: raba kuɗin batir da wat-awar da za ka iya amfani da ita a zahiri, sannan ka duba sau nawa za ka sake saye cikin shekara biyar.

Ƙaramin UPS na kwamfuta

Shi ne mafi araha, shi ne kuma aka fi ba mutane, don sa shi bai wuce a soka filogi ba. Mai 650VA batir ɗaya ne a cikinsa, bolt 12 da 7Ah, wat-awa 84 a rubuce, kuma ba duka za ka samu ba. Da nauyin wat 80, sabo fil zai yi maka kusan rabin awa. Bayan bazara ɗaya ka gode Allah idan ya yi minti 10. Cikarsa kuma na son awa 6 zuwa 8. An ƙera shi ne don mai kwamfuta ya samu ya ajiye aikinsa ya kashe, ba don gadin dare ba. Inda ya yi kyau shi ne gibi: milisakan 4 zuwa 8, suwic ba ya ko jin an taɓa shi.

Akwai dabarar da ta yaɗu, a fasa UPS ɗin a ja waya a ɗaura masa batirin mota ko babban batirin inbata. Ina roƙonka kada ka yarda a yi maka. Ƙaramin UPS ba shi da fanka, an yi shi ne ya yi aikin mintoci ya huta; ka sa shi aikin awa takwas, taransifomar cikinsa za ta yi zafin da roba ke narkewa. Cajarsa kuma kusan amfiya ɗaya take bayarwa, babban batir zai yi kwanaki bai cika ba. Wanda ya ga abin da gobarar 2016 ta yi wa babbar kasuwar Birnin Kebbi ba zai kwana da irin wannan haɗi a tsakiyar kayansa ba.

Babban UPS mai batura a waje

Wannan shi ne wanda bankuna da ɗakunan kwamfuta ke sawa. Kullum wutar layi yake mayarwa ta batir sannan ya sake ƙera tasa mai tsafta, don haka gibinsa sifiri ne, kuma ko wuta ta zo rabi ko ta zo da hauka, abin da ke fita daidai yake. Yana karɓar wutar janareta wadda ƙananan UPS kan ƙi. Wasu ana sa musu katin da zai aiko da saƙo cewa an koma kan batir, saura kaza. Wannan ba ƙaramin alheri ba ne, domin sanin cewa ƙararrawarka ta kusa yin shiru shi ma ƙararrawa ce.

Tsadarsa ta fi ta kowa idan aka haɗa da batura. Mai 1kVA yakan so batir biyu ko uku a jere, mai 3kVA shida ko takwas, kuma ɗaya ya lalace duka ake sauyawa, don sabo a cikin tsofaffi ba ya daɗewa. Yana cin kusan kashi ɗaya cikin goma na wutar da ke ratsa shi dare da rana, fankarsa ba ta tsayawa, a hunturu kuwa ƙurar da take zuƙa sai ka ga allon cikinsa ya yi fari fat. Wurin da ke da ɗaki mai sanyi da ma'aikacin da ke hura shi lokaci-lokaci, madalla. A sito ko shago, asarar kuɗi ce.

Inbata da batirin ruwa

Dogon batirin nan mai ruwa da ake ce wa tubula kowa ya san shi, kowane mai gyara a Badariya ko Bayan Kara zai iya haɗa shi, kuma idan ya mutu masu sayen tsohon batir za su ba ka wani abu a kansa. Mai bolt 12 da 200Ah wat-awa 2,400 ne a rubuce, amma batirin dalma ba a shanye shi fiye da rabi idan ana so ya yi ƙarko. Saura 1,200, wato dare ɗaya na siton Alhaji cif. A cikin dangin dalma shi ya fi jure zafi, don ruwan da ya ƙone ana iya mayar masa. Busasshen batir, wanda aka rufe bakinsa, idan ya bushe ya tafi ke nan.

Sai dai kula yake so kamar dabbar turke. Duk wata ɗaya ko biyu a duba ƙwallayen da ke kansa, a ƙara ruwan batir tatacce, ba ruwan rijiya ko na leda ba. Yana fitar da iskar haidirojin lokacin caji, wadda tartsatsi ke iya tayarwa, don haka ba a kulle shi a akwatin da iska ba ta ratsawa. Nauyinsa ya kai kilo 60. Babbar matsalarsa ita ce cika: da amfiya 20 ake cajinsa, mayar da abin da aka sha a dare ɗaya kuma na son awa 7 zuwa 8 ko fiye, don ƙarshen cajin a hankali yake shiga. A layin da ake samun awa 4, farantan cikinsa za su fara yin gishiri, cikin 'yan watanni ka ji ana cewa batirin jabu ne, alhali yunwa ce ta kashe shi.

Ita inbatar kanta abu uku za ka duba. Ta zama mai fitar da wuta santala irin ta layi, ba mai arahar nan da ke sa fanka gurnani ba. Ta zama tana da maɓallin da ake sa ta a yanayin UPS, inda gibinta ke saukowa wajen milisakan 10. A ɗaya yanayin gibin na iya ninka haka sau uku ko huɗu, suwic ya riƙa mutuwa yana tashi. Na uku, ta zama ƙarama. Babbar inbata mai 3.5kVA ko 5kVA tana iya cin wat 40 ko fiye tana zaune ba ta ɗauki komai ba, rabin abin da kayan tsaron gaba ɗaya ke ci ke nan. Mai 800VA zuwa 1kVA ta wadatar.

A nan zan tsaya in yi magana a kan kuskuren da na fi gani. Mutum yana da inbata a gida ko a ofis, sai a ce ai sai a jona kayan tsaro a kanta, an huta. Da rana komai daidai. Dare ya yi, zafi ya hana barci, fanka huɗu na juyawa, firji na aiki, yara na kallo, kuma babu wanda zai zarge su. Ƙarfe 2 batir ya ƙare, daidai lokacin da aka sayi ƙararrawar dominsa. Kayan tsaro batirinsu daban, layinsu daban, babu soket ko ɗaya da hannu zai kai. Maigadi ma yana da waya da tocila da rediyo, yana kuma da haƙƙin ya yi caji. A ja masa soket daga wani wuri, don kada bukata ta kai shi ga zare filogin rauta.

Inbata da batirin litiyam

Wanda nake nufi shi ne mai rubutun LiFePO4 a jikinsa. Mai bolt 12.8 da 100Ah wat-awa 1,280 ne, kuma ana iya shan kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari ba tare da an cutar da shi ba. Wato ɗan batirin da yaro zai ɗauka da hannu ɗaya, kilo 12 ko kusa, ya kusa yin aikin tubula mai 200Ah: awa 10 zuwa 11 da nauyin wat 80. Masu ƙera shi na rubuta masa zagayen caji 3,000 zuwa 6,000, tubula kuwa wajen 1,200 zuwa 1,500. Ba ruwa, ba iska mai kamawa, kuma zaman rabin ciki ba ya yi masa illa. Abin da ya fi ja na gare shi shi ne saurin cika: yana karɓar amfiya 50, don haka idan cajar na da ƙarfi, cikin awa biyu zuwa uku ya ƙoshi. Ga wanda wutarsa leƙe take yi ta koma, wannan shi ne bambancin rai da mutuwar na'ura.

Zafi na rage masa kwana shi ma, amma bai kai na dalma ba. Yawancinsu an rubuta kada a yi musu caji a zafin da ya wuce 45 zuwa 55, saboda haka a ajiye shi ƙasa-ƙasa a jikin bangon da rana ba ta duka, ba sama kusa da kwano ba.

Haɗarinsa a kasuwa yake. Akwai akwatuna masu ƙyalli da aka cika da tsofaffin ƙwayoyin batir, a rubuta 100Ah alhali rabi ne a ciki. Araha ba ta ado. Sayi inda za a ba ka garanti a rubuce, ka kuma gwada shi a makon farko: ɗora masa nauyin da ka san adadinsa, ka duba agogo. Akwai ɗan allon lantarki a cikinsa mai tsaron ƙwayoyin, wanda ke yanke wuta farat ɗaya idan caji ya ƙare, kuma wasu tsofaffin inbatoci ba su iya tashe shi idan wuta ta dawo, sai an zo da hannu. Tambayi wannan kafin ka biya. Inbatar kuma dole a saita ta ga litiyam, bolt 14.2 zuwa 14.6, a kashe mata cajin nan mai tafasa batir da ake yi wa tubula.

Akwatunan wutar tafi-da-gidanka da suka cika kasuwa yanzu su ma litiyam ne, amma ban cika son su a wannan aiki ba. Wasu na kashe kansu idan nauyin ya yi ƙanƙanta, wasu idan suka ƙare ba su sake kunna soket sai an danna, kuma abin da ke da mariƙi ɓarawo ma ya ga mariƙin.

Batir kai tsaye, babu inbata

Suwic, rauta da kyamara duk wutar batir suke ci a cikinsu. Idan ka bi ta inbata, ka ɗaga bolt 12 zuwa 230 ne, sannan cajar kowace na'ura ta sake sauko da shi, kowane hawa da sauka da ladansa. Haɗin kai tsaye ya zubar da wannan asara, gibinsa kuma sifiri ne tunda kayan kullum a kan batir suke. Haka turakun kamfanonin waya ke aiki, da bolt 48.

Iri biyu ne. Babba shi ne suwic mai PoE da ke karɓar wutar batir, wasu ma da wurin jona faifan sola a jikinsu, suna ɗaga bolt 12 ko 24 zuwa abin da kyamara ke so. A kula: ƙa'idar PoE mai wat 30 na son bolt 50 zuwa 57 daga suwic, batirin litiyam mai bolt 51.2 kuwa yana sauka ƙasa da 50 idan ya kusa ƙarewa, saboda haka sai da na'urar daidaita bolt a tsakani. Aiki ne mai kyau ƙwarai, amma yana son gwani, kuma kayan gyaransa sai an aika Kano ko Legas.

Ƙaramin shi ne wanda nake so kowa ya sani. Hanyar saƙon ƙararrawa ba ta bukatar kyamara. Ƙaramin suwic mai rami biyar wat 3 yake ci, rauta 6 zuwa 8, katin ƙararrawa 3: wat 12 zuwa 14 gaba ɗaya. Ka raba su da kyamarori, ka ɗora su a kan batirin litiyam mai bolt 12.8 da 30Ah da cajarsa da fiyus, za su yi kwana ɗaya cur. Ko kyamarori sun mutu, wayarka za ta yi ƙara. Ɗan akwatin nan da ake sayarwa don rauta shi ma danginsu ne, amma karanta shi da kyau: 10,400mAh da ke jikinsa a kan bolt 3.7 aka lissafa, wat-awa 38 ke nan, ƙasa da awa uku da wannan nauyi. Ramin PoE da ke jikinsa kuma galibi bolt 15 ko 24 yake turawa ba tambaya, ba na kyamarar zamani ba ne.

Sola da janareta

Waɗannan biyun masu cika batir ne, ba su maye gurbinsa. Rana dai Allah ya hore mana ita. Nauyin wat 80 a awa 24 wat-awa 1,920 ne. Da asarar hanya da awa biyar na rana mai ƙarfi, faifan sola na wat 500 zuwa 600 zai riƙe shi ko wutar layi ta yi mako ba ta zo ba. A ƙara kaɗan saboda hadarin Agusta, a riƙa share ƙura duk mako a hunturu.

Janareta kuwa sai an tashe shi, ko mai tashi da kansa yana ɗaukar daƙiƙa 10 zuwa 30. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500, a ƙarshen 2024 ta taɓa wuce 1,000. Ƙaramin inji na shan kusan rabin lita a awa, lita shida a dare don nauyin wat 80. Ƙararsa na rufe motsin ɓarawo, shirunsa na sanar da shi, hayaƙinsa kuma na kisa a rufaffen wuri.

| Zaɓi | Riƙo da wat 80 | Gibi | Zafi | Kula | Kuɗi |
|---|---|---|---|---|---|
| Ƙaramin UPS 650VA | kusan minti 30 | milisakan 4–8 | rauni ƙwarai | sauya batir kusan duk shekara | mafi araha |
| Babban UPS da batura | gwargwadon batura | babu | sai ɗaki mai sanyi | gwani, hura ƙura | mafi tsada |
| Inbata da tubula 200Ah | kusan awa 12 | kusan 10 a yanayin UPS | matsakaici | ruwa duk wata 1–2 | matsakaici |
| Inbata da litiyam 100Ah | awa 10–11 | kusan 10 a yanayin UPS | mai kyau | kaɗan | sama da matsakaici, sauƙi a gaba |
| Kai tsaye da litiyam | ya fi na inbata da batir iri ɗaya | babu | mai kyau | kaɗan, amma gyara sai gwani | ƙarami araha, babba tsada |
| Janareta shi kaɗai | muddin akwai mai | daƙiƙoƙi ko mintoci | ba damuwa | kullum | mai ke cinye kuɗi |

Kowanne ka zaɓa, sai da wayar ƙasa mai kyau da na'urar tare tsawa, musamman idan wayar kyamara ta fita waje zuwa katanga. Tsawa ɗaya a Yuni na iya bi ta wayar ta ƙone suwic da duk abin da ke jikinsa. Kuma ba a fafe gora ranar tafiya: sau ɗaya a wata, da rana tsaka, kashe wutar da ke shiga, ka buɗe ƙofar da ke da na'ura, ka ga ko saƙo ya iso wayarka. Sau biyu a shekara ka bar shi a kan batir har awannin da aka yi maka alkawari su cika.

Wa ya dace da me

Mai shago ɗaya a kasuwa da ƙararrawa da kyamara ɗaya ko biyu, ƙaramin haɗin kai tsaye na bolt 12 da litiyam 30Ah zuwa 50Ah ya ishe ka, kuma shi ne mafi ƙarancin haɗarin gobara.

Gida a Gesse ko Tudun Wadar Gusau mai inbata tun da, bar kyamarori a kanta idan ka so, amma ka cire rauta da hanyar ƙararrawa ka ba su nasu batir.

Ofis, makaranta ko ƙaramin asibiti da ke kan layi mai samun awa 12 ko fiye, kuma akwai mai duba ruwan batir, tubula da ƙaramar inbata za su yi maka da kuɗi mai sauƙi. Idan babu mai dubawa, ko wutarku ba ta kai awa 8, litiyam kawai.

Banki, babban asibiti ko masana'antar casar shinkafa mai janareta mai tashi da kansa da ɗakin kwamfuta mai sanyi, babban UPS ne naku. Ƙaramin UPS ma a irin wannan wuri kaɗai yake da amfani, ya riƙe minti ɗaya ko biyu kafin inji ya kama.

Gidan gona, gidan mai a kan hanya, ko sito a ƙauyen da wutar layi sai labari, suwic mai haɗe da sola da batirin kwana biyu. Mutanen Zamfara ba su manta Satumbar 2021 ba, lokacin da aka rufe layukan waya a faɗin jihar. A ranakun nan duk ƙararrawar da ta dogara da saƙo kaɗai shiru ta yi, kome cikar batirinta. A irin waɗannan wurare a sa jiniya mai nata batir a sama inda hannu ba ya kaiwa, a kuma ja wata zuwa gidan maƙwabci ko inda masu gadin unguwa ke zama.

A siton Alhaji gida biyu muka raba. Kyamarori da na'urar naɗar hoto suka hau inbata mai 1kVA da litiyam 100Ah da faifan sola biyu a kan rufi. Rauta, ƙaramin suwic da katin ƙararrawa suka hau nasu batir mai 30Ah a cikin akwatin ƙarfe mai huda-huda, da kwaɗo, mabuɗin a aljihunsa. Mun saita akwatin ƙararrawar ya riƙa aiko da saƙon gwaji kowace rana bayan sallar isha'i, kuma na gaya masa ranar da bai ga saƙon ba, kada ya jira safiya, ya kira ni a daren.